Ɗigon koren fenti da ya ci mini yatsa

Assalamu alaikum. Tun kafin damina ba ku ji ni a nan ba. Waɗanda suka aiko saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri, wayar ma ba na iya riƙewa. Masu yaɗa cewa ciwon suga ne ya ci mini yatsa, ko wai jifa aka yi mini, ku ma ku matso ku karanta.

Fentin mota ne sana'ata a Tasawa, tun ban fara aske gemu ba.

Surukin maigidan garejinmu, Sanusi, ya dawo daga Libiya da wani injin feshi wanda ba ya aiki da iska. Famfo ne ke turo fenti tsagwaronsa da ƙarfin tsiya. Ya kalli pistolenmu, bindigar feshin fenti ta kwamfaresa, ya ce kayan ƙauye ne. Mutumin da wankin mota ya yi a can, ya dawo yana so a riƙa ce masa injiniya.

Ranar da abin ya faru, da injin nasa muke fentin bodin wata babbar mota mai ɗauko wake daga kasuwar Urafan. Feshin yana fita layi-layi, bai bajewa. Ko bakin pistolen ya toshe, ko fentin ya yi kauri, ba ya wuce haka. Injiniya ya ce ƙarfi ne bai isa ba, ya murɗa har ƙarshe. Robar kariyar da ke bakin kuwa tun ranar farko ya cire ta, wai tana tare masa gani.

Na ce ya kashe injin in duba. Ya kashe, amma bai sauke ƙarfin da ya taru cikin tiyo ba, kuma pistolen na hannunsa. Ina kai manuniyata ta dama bakin, ya taɓa kunamar.

Na ji kamar harbin rina. Ɗigo ɗaya, kore, ko jini babu.

Injiniya ya bushe da dariya. "Kan wanga kake yarfe hannu? Ku zuba mashi man birki."

Aka zuba, muka ƙarasa motar.

Kashegari yatsan ya kumbura, ya yi fari, ya sandare kamar ɗanyen rogo. Zugi har hammata. Maigida ya aiko mini da ƙwayoyin da ake sayarwa a bakin tasha, tare da saƙon cewa akwai aiki yana jira. Matata Hadiza ce ta tsaya a ƙofa da mayafinta ta ce ba za ta zauna ba sai mun je likita.

Majon da ya duba ni, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, bai damu da girman ramin ba. Ya tambayi abin da ya shiga da injin da ya turo shi. Da na faɗa, sai ya ajiye audugar ya ce mu kama hanyar Maraɗi yanzu.

Can aka yi mini radiyo, wato hoton cikin hannun, aka ɗibi jini, aka sa ƙarin ruwa. Likitan ya ce, "Malam Illiya, fentin ya bi jijiya har tafin hannu. Yatsan ban yi maka alkawari ba. Hannun za mu yi ƙoƙari."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da hannun nan nake ciyar da gida.

Suka tsaga daga kan yatsa har tsakiyar tafi, suka wanke, suka bar shi buɗe. Kowace safiya wankin ciwo, ni da cizon gefen zane. Kowace safiya sabuwar takardar magani. Tumakin Hadiza da take kiwo don salla duk suka tafi kantin magani. Bayan shiga ɗakin tiyata karo na biyu yatsan ya yi baƙi, aka cire shi daga gindi.

Injiniya ya zo dubiya sau ɗaya, da leda ɗaya ta lemu. Ya tsaya can nesa yana toshe hanci, ya ce ƙaddara ce. Daga baya na ji yana gaya wa direbobi wai ban iya injin zamani ba. Hadiza ta raba lemun ga masu jinyar gadon kusa.

Alhamdu lillahi, hannun ya tsira. Na daɗe ina matsa ƙwallon roba kafin yatsu su yarda su lanƙwashe. Yanzu da na tsakiya nake jan kunama. Motar farko fentin ya zubo mini, na goge na sake. Ta biyu ta fita sumul. Na bar garejin, na kafa rumfata a hanyar Mayahi.

Na gode wa likitocin da suka yi ta fama da ni, da wana da ya kwana a barandar asibiti, da Hadiza wadda ban san da bakin da zan gode mata ba.

'Yan uwana masu fenti: kada ku kai yatsa bakin pistole. Ku kashe injin, ku fesar da sauran ƙarfin cikin bokiti, ku riƙe shi da hannunku kafin ku gyara. Kada ku cire kariya. In fenti ya huda fata, ko da ɗigo ne, ku tafi likita a ranar, ku faɗi abin da ya shiga. Man birki na birki ne.

Injin yana nan a garejin, an ce har yau ba a mayar da robar ba. Duk wanda ke da ɗan'uwa a wurin, ya karanta masa wannan.