Askar da Sodangi Bai Sa Ba

Ranar da na je gaida Sodangi wanzami a Bodinga, garin rawar jikin durƙuso na zauna daram kan ƙahonsa na shan jini. Na yi tsalle, hulata ta faɗa cikin kaskon ruwan aski. Tsohon ko murmushi bai yi ba, ƙahon ya ɗauka ya duba ko ya tsage.

Haka yake, mai tausayi ne amma ba a fuska ba.

Zamanin mulkin farar hula, lokacin da tsuke bakin aljihu ya sa sabulu ma sai an yi layi, 'yarsa Rahamatu da ke aure a Shagari ta haifi Altine. Bayan suna wani jan tabo ya fito ƙarƙashin idon jaririyar, ya riƙa tasowa kamar nunannen tumatir. Malamin asibiti ya ce a ƙyale shi, ba wanda ya saurara. Kakarta ta wajen uba, Laraba, ta ce a tsaga ko a yi sakiya.

Da Sodangi ya zo, ya ɗora babban yatsa a kan tabon. Da ɗumi. Ya danna ya koɗe, ya saki ya cika. Jini ne ya yi sheƙa. Ya sha gamuwa da irinsa a kan jarirai ranar askin suna, kuma kawunan nan shi ya ci gaba da askewa har suka yi gemu, tabon ya tafi abinsa. In aka sa aska, ga jini ga ido. In ya ce a'a, Laraba za ta kira wani wanzami kafin ya kai tasha.

Sai ya ce, "Jikata ta. Aikin ga nau na."

Shi ke nan. Wanzami ba ya taɓa aikin da ɗan'uwansa ya kama.

Duk ranar kasuwa ya hau keke ya taho, ya shimfiɗa zabira, ya wasa aska har ta ɗauki ido, ya taɓa kuncin yarinya, ya girgiza kai.

"Bai nuna ba tukuna."

"Malam Sodangi, wai mangwaro na?" in ji Laraba.

"Haƙuri, Inna. Wani mako."

Rahamatu ce kaɗai ta gane, takan ƙara masa nono a fura. Damina ta wuce, wata ta zo. Tsakiyar tabon ya yi toka-toka, ya fara saɓewa. Ranar da aka sa Altine makarantar allo sai ka matso za ka ga ɗan shaci.

Da na ji labarin nan a ranar, na ce wa Sodangi, "Baba, ashe kai ne wanzamin da ya yi shekara da shekaru yana wasa aska bai yanka komi ba?"

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Har da halshenka na ƙyale, in gani ko ya baje da kainai. Na yarinya ya baje. Naka sai ƙaruwa."