Ƙofar da Kiroda ta Rufe

Kiroda kakar mahaifina ce. Na taso na iske ta da rai, ta haura shekara ɗari, ba haƙori ko ɗaya amma kunne garau. Tana cikin mutanen farko da suka sauka a tsibirinmu na Sundarban, lokacin babu komai sai kurmi da taɓo da ruwan gishiri. Da mijinta Gagan ta zo, da uwarsa Mokoda, da jaririnsu Bipin, don an ce duk wanda ya sare daji ya tare ruwa, gonar tasa ce.

Ƙasar ta ɗau shekaru ba ta ba da shinkafa ba, sai da damuna ta wanke gishirinta. Kafin nan maza daji suke shiga neman zuma, inda damisa take. Mu ba ma kama sunanta, Kawu muke cewa. Idan maza suka tafi, matansu takaba suke shiga tun miji na raye: a goge jan garin da matar aure ke shafawa a tsagar kai, ba taje gashi, ba shafa mai, ba suya. Babbar doka ita ce ba a rufe ƙofa har ya dawo, domin wadda ta rufe ta toshe wa mijinta hanyar gida.

Wata bazara Gagan ya bi kwalekwalen Jobbar, mai addu'ar ɗaure bakin daji. Bayan tafiyarsu, wata la'asar da ruwa ya janye, Kiroda ta sauka tsintar ƙaguwa, sai ta ga sawu a taɓo, faɗinsa kamar kwanon shinkafa, ruwa bai ma gama tsatsowa cikinsa ba. Sawun ya nufo gidaje, kuma babu na komawa. Kawu ya ninƙayo kogi.

Ta watsar da kwando ta ruga gida, ta kama ƙyauren gora. Mokoda ta tsaya a bakin ƙofar.

"Sake shi, 'yar nan."

"Inna, Kawu yana cikin gari."

"Ɗana kuma yana cikin daji. Kin gaji da shi ne?"

Kiroda ta nuna mata Bipin a kan tabarma. Tsohuwar ta ce su lafe su yi shiru, Kawu ba ya shiga ɗakin da aka kiyaye doka. Sai yaron ya farka ya tsala kuka. Akuyar da ke ɗaure bayan ɗaki tana ta ihu, lokaci guda ta ɗauke. Wani wari mai nauyi ya shigo ta ƙofar.

Kiroda ta ture uwar mijinta, ta ja ƙyaure, ta tokare shi da filafilin kwalekwale, ta cusa wa yaron nono. Suna ji ana shinshinar gorar daga waje, ƙyauren yana lotsowa ciki yana komawa. Mokoda ba ta kalli ƙofar ba, surukarta take kallo.

Da safe igiyar akuya kaɗai aka samu. Kafin rana ta take Mokoda ta zaga gari da labarin. Mata a bakin tafki suna ce mata ai da ta yi haƙuri, takabar gaske ba gudu take ba. Duk cikowar ruwa Kiroda tana bakin gaɓa tana leƙen kwanar kogi ko za ta hango kwalekwalen.

Ranar da kwalekwalen ya dawo, ba waƙa, ba busa. Maza suka sauko ɗaya bayan ɗaya, babu Gagan. Suka ce sun ɗaure mayafinsa a kan sanda a mashigin da Kawu ya ɗauke shi. Kiroda ta tambayi Jobbar wace rana ce, don ta san ko kafin ta rufe ƙofar ne. Ya sunkuyar da kai ya ce a daji ba a lissafin kwana.

Daga nan sunanta ya koma mai cin miji. Ba a gayyatarta biki, masunci in ya yi ido huɗu da ita da safe sai ya fasa fita. Haka ta raini Bipin da surfen shinkafar mutane, ta hana shi taka daji. Daga gare shi muka fito, manoma kaf.

Bayan shekaru masu yawa aka ce Jobbar yana gargarar mutuwa. Ta dogara sanda ta je har kansa.

"Yaya Jobbar, ka gaya min kafin ka tafi. Wace rana ce?"

Ya daɗe yana motsa baki.

"Ranar da aka yi ƙanƙara."

Ta dawo ta tara tsofaffi biyu da suka rage daga zuwan farko. Ɗaya ta rantse ƙanƙarar ta sauka tun akuyar tana raye, har ta ga Kiroda tana jan ta zuwa inuwa. Ɗayar ta ce ƙarya ne, sai da aka kwana biyu da zuwan Kawu, ƙanƙarar ce ma ta shafe sawunsa. Suka kacame da gardama, wannan na ce wa waccan makauniya, waccan na ce mata ruɗaɗɗiya. Kiroda tana zaune tsakaninsu tana lalubar ranar a ranta. Ta tuna warin, ta tuna ƙarar gora, amma ta kasa tuna ko ƙasa a jiƙe take.