Janareta Mai Ƙara

Duk shekara, da zarar ruwan hunturu ya sauka a Hafar al-Batin, can ƙasar Larabawa, jeji ya yi kore, Abu Mishari yakan ɗaura 'yar tirelarsa ta kwana a bayan mota, shi da matarsa Nuwayyir su nufi rairayi. Ita ba ta jure ƙarar janareta. Dole ya kinkime shi ya kai bayan tudu, ya jawo doguwar waya har tirela, yana haki yana mita, ita kuwa tana dafa gahawa tana yi masa dariya.

Bara ba su fita ba, tana kwance. Da bazara Allah ya yi mata rasuwa.

Bana ya ja tirelar zuwa shagon tsohon abokinsa Dakhil. Dakhil ya durƙusa ya shafa tayoyin.

"Ba tafiya ce ta cinye su ba, zama ne a rana. Dubi yadda suka tsattsage. Kai ma haka ka koma, Abu Mishari."

"Canja su, ka rage surutu."

Da aka gama, Dakhil ya tayar masa da wani sabon janareta. "Saurara. Ko numfashinsa ba ka ji."

Abu Mishari ya daɗe yana saurare. Can ya girgiza kai.

"Ba ni mai ƙara. Waya kuma gajeriya."

"Bayan duk wahalar da ka sha?"

"Ban san yadda shirun jejin nan yake ba idan ba ta ciki, Dakhil. Ba na kuma son in sani."