Ɗorawar Baffa a Lausu

Jiya na bi ta Lausu, na tarar an sare ɗorawar da Baffa, ƙanen mahaifina, ya dasa a iyakar gonarsa. Ƙanshin ɗanyen itacen ko gushewa bai yi ba.

Marigayin bai gaji ko taki ɗaya na ƙasa ba. Duk kakar da gyaɗa ta yi albarka, sai ya sayi ɗan fili, ya dasa ɗorawa a kusurwarsa. Ranar da ya sayi na ƙarshe na ce, "Baffa, a rubuta takarda." Ya yi dariya, hannunsa duk jar ƙasa, ya ce, "Ɗan boko, takardarka gara za ta cinye. Itace kuwa kowa na ganinsa." Duk da haka na rubuta filayen da iyakokinsu, shaidu suka dangwala yatsa.

Yanzu babban ɗansa, don neman kujerar kansila, ya sayar da su har da rabon ƙannensa mata, ya sa aka sare shaidar. Gumin shekara da shekaru ya ƙare a fastocin yaƙin neman zaɓe! Takardar tana hannuna, gara ba ta taɓa ta ba, kuma gobe za ta je gaban alƙali.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa, Ya mayar wa 'ya'yanka mata haƙƙinsu.