Ƙayar Kifin da Nake Zubar wa Kaji

Jama'a, ni ce, Malama Saratu! Na san na ɓace muku tun kafin damina, har wasu suka bugo wa maigida suna tambayar ko lafiya. To da ba lafiya ba, amma yau murna ce ta hana ni zama.

Waɗanda suka san ni sun san ni ce mai buga tulu a zumuntar matan cocinmu a nan Kafanchan. Tun ina amarya nake bugawa. A hana ni nama, amma kada a hana ni tulun nan.

Bara aka gano ina da ciwon suga. Likita ya ce in rage tuwo da doya da shinkafa, har da gwaten accan da nake mutuwar so. Na bi doka, suga ya sauka. Sai baya ya fara ciwo, ƙafa tana ɗaurewa, na ce tsufa ne.

Ranar wata Asabar na zame a bakin rijiya. Faɗuwar da yaro zai tashi ya karkaɗe jiki, ni kuwa wuyan hannuna na dama ya karye.

Aka ɗaure hannun a asibiti, aka ɗebi jini, aka tura mu Jos hoton ƙashi. Likita ya duba sakamako ya ce, "Mama, ƙashinki ya yi rauni. In ba mu gina shi ba, ko ya haɗe zai iya sake karyewa."

Na ce, "Likita, tulu fa?"

Ya ce, "A bar maganar tulu tukuna."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kuka a motar dawowa.

Cikin magungunan da aka ba ni akwai ƙwayar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Ku zo ku ga ƙwaya! Kamar ƙwallon dabino. Ranar farko ta tsaya mini a maƙogwaro, idona ya yi ja, maigida yana bubbuga bayana yana cewa, "Maman Rifkatu, kar ki mutu mini a nan!" Daga ranar, ko kwalbar na gani sai maƙogwarona ya rufe.

Ga kuma matan zumunta, Allah ya yi musu albarka. Kun san al'adarmu, ba a zuwa gaida mara lafiya hannu sake. Wannan ta kawo kunun tamba, waccan lemon kwalba da madarar gwangwani mai zaƙi, wai su ne ke haɗa ƙashi. Tebur ya cika da abin da zai tayar mini da suga. Mama Laraba, uwar zumuntarmu, har ta ji haushi. "Mun kawo, kin ƙi sha. Da iska ne hannun zai warke?"

Na koma asibiti na gaya wa likita gaskiya: ƙwaya ta ƙi wucewa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya yi dariya ya ce ba ni kaɗai ba ce, ya canza mini zuwa wata ƙarama da ake taunawa, ya tura ni wurin jami'ar abinci ta asibitin.

Ita ce ta tambaye ni yadda nake gyara busasshen kifi. Na gyara zama, don a nan nake da suna. Na ce ina cire kai, in tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya, in zuba wa kaji.

Ta kama baki. "Mama, ashe kajinki ne ke cin maganinki!"

Ashe ƙananan kifin nan, in aka daka su har da ƙayarsu, kalsiyam ne. Haka kifin sadin na gwangwani da ƙashinsa mai laushi, da riɗi, da zogale, da kuka, da kindirmo marar suga. Duk ba sa faɗa da dokar cin abincina.

Na kai wa Mama Laraba labari. Sati bai zagayo ba, mata suka dawo da dakakken kifi da soyayyen riɗi da zogale har da rassansa. Turmi bai huta ba a gidan nan.

Aka kwance hannu, aka shiga motsa shi a hankali, da zafi da komai. A zuwana na ƙarshe likita ya matsa nan, ya murɗa can, ya ce, "Ki gwada, amma kada ki yi gasa da 'yan mata."

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likitana, da maigida da ya koyi daka da furfurarsa, da matan zumunta.

Shawarata: in ƙwaya ta fi ƙarfin maƙogwaronki, kada ki ajiye ta ki yi shiru, kada kuma ki farfasa ta da kanki. Koma ki faɗa wa likita, akwai wata. In za ku gaida mai suga, ku tambayi abin da yake ci tukuna.

Jiya Lahadi na zauna a benci, na rungumi tulu. Mama Laraba ta ɗaga waƙa, na sauke tafin hannuna a bakinsa. Tulu ya amsa, hannu kuwa bai yi zafi ba. Na ƙara. Har aka gama waƙar ina bugawa ina hawaye, ban ma share ba, don hannuwana biyu duk suna kan aiki.