Kwalbar Ruwan Sama ta Ƙarshe

Zamanin Turawa na yi aiki a hannun wani Bature mai auna zurfin Gulbin Rima. Yana da ɗan jirgi mai tafiya da batir, shiru kamar agwagwa, daga Goronyo har kusa da Wurno. Ni ke kula da baturan. Kullum da safe in kankare farin dattin da ke taruwa a kawunansu, in tsoma 'yar kwalbar awo in ga ƙarfinsu, wanda ruwansa ya ja baya in ƙara masa. Shi batir ɗan gata ne, ba ya shan ruwan rijiya balle na gulbi. Sai ruwan sama wanda bai taɓa ƙasa ba. Da damina nake tara shi a kwalabe in toshe.

Wata shekara bazara ta yi tsawo. Gulbi ya janye, jirgi na kwance kan yashi, amma Bature ya ja mini kunne: ranar da batir ya bushe, ranar aikina ya ƙare. Ga iyali. Saura kwalba ɗaya tak a ɗakina.

A lokacin mahaifina na kwance, ciwo ya ci ƙarfinsa, ruwan rijiyarmu ɗaci yake yi masa a baki. Ya sa aka kira ni.

"An ce kana aje da ruwan sama," in ji shi. "Ɗebo min kaɗan in jiƙa maƙoshi."

Na ce, "Baba, wanga na Nasara na. Ka yi haƙuri, hadari ya yi kusa."

"To, mi za a yi? Riƙe aikinka." Ya juya fuskarsa bango.

Washegari na raba wa baturan ruwan, ko ɗigo ban zubar ba. Bature ya zo ya auna, har ya dafa kafaɗata. Kuma na ji daɗi. Wannan jin daɗin ne har yau ban yafe wa kaina ba.

Bayan kwana uku muka kai Baba makwancinsa. Muna dawowa daga maƙabarta hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ban san lokacin da na shiga ɗaki ba. Hannu ya riga ya saba: sai ga ni a tsakar gida ina jera kwalabe, 'yan zaman makoki suna kallona.

Duk suka cika, har suna zuba.