Na ɗauka kati zai sayar mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kabiru ya rasu.

Da safen nan ina shirin fita ofis ƙaninsa ya kira ni. Sai da na sa ya maimaita. Yanzu na dawo daga gidan rasuwar, ina zaune a mota a ƙofar gida, na kasa shiga.

Waɗanda muka yi sakandare tare kun san shi. 'Yan majalisarmu ta Kurmin Mashi kuwa da Kabiru Kati kuka san shi, kuma ni na raɗa masa sunan.

Tun da aka rage ma'aikata a inda yake aiki ya koma ejan na inshorar lafiya, yana tallar katinta. Aikin ba albashi, kamasho ne zalla. Sai mutum ya yi rajista ya biya, sannan a yaga masa ɗan wani abu. In mutumin ya daina biya tun tafiya ba ta yi nisa ba, a zare daga na wata mai zuwa. Ranar da bai fita ba, ba shi da komai. To wa zai fara yi wa talla in ba mu ba?

Mu kuwa muka mai da shi abin tsokana. Da mun hango mashin ɗinsa sai wani ya ce, "Ku riƙe aljihu, ga Kati nan." Shi ma ya yi dariya, ya ce, "Ku dai ku yi. Ranar da hawan jini ya kama ku da ƙafarku za ku zo."

Ni ban taɓa saye ba. Ina da nawa ta wurin aiki, sai na yi ta ja masa rai cewa zan yi wa Hajiyata. Wata ya kama, wata ya mutu, ban yi ba.

Duk da haka, ranar da Hajiya ta zame a banɗaki ina Abuja wurin kwas, shi ya taso tun daga Katabu, ya tari keke ya kai ta asibiti. Ya san tagar da ake fara zuwa, ya san nas ɗin da ba a yi mata gardama. Ya zauna da ita a benci har aka ɗaure ƙafar, ya sayo mata kunun gyaɗa. Ko kwabo na kamasho babu a ciki.

"Ɗana na asibiti" take ce masa. Ban iya gaya mata ba tukuna.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a gidan mai ne a Mando, ƙarshen watan jiya. Ya rame sosai. Maimakon in tambaye shi lafiya, sai na ce, "Kati, talla ta cinye ka."

Ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Auwalu, nemanka nake. Ranar Talata da safe kana da sarari?"

Na ce, "In maganar Hajiya ce, bari albashi ya shigo."

"Wallahi ba ita ba ce."

"Haka kuke cewa dukanku."

Ya yi murmushi, ya ɗan bubbuga rufin motar. "To shi ke nan, mutumina. Zan kira ka."

Ya kuwa kira ranar Litinin, ya sake kira. Ina kallon ƙwallo. Na kife wayar na ce wa matata, "Kati ne, ƙarshen wata ya zo." Ban bi kiran ba. Kai, Auwalu! Ko saƙo ɗaya.

A maƙabarta ƙaninsa yake gaya mini ciwon ƙoda ne. Likita ya ce ya kwanta ya huta, shi kuwa ya ce in ya kwanta wa zai ci da gidan. Jiya ya faɗi a hanyarsa ta dawowa daga wurin wani kwastoma.

Da muka koma gidan rasuwar, matarsa Maman Walid ta aiko a kira ni. Na tsaya a bakin ƙofa, tana ciki tsakanin mata, muryarta duk ta dushe.

Ta ce, "Baban Ummi, Allah ya saka maka da alheri. Talatar da zai karɓo sakamakon gwajin nan na ce zan bi shi, don na ga tsoro a idonsa. Ya ce in zauna da yara, tare da kai za ku. Da ya dawo ya ce ka yi ta ba shi dariya a layi har ya manta abin da ya kai shi."

Jama'a, shi kaɗai ya je. Shi kaɗai ya zauna aka gaya masa. Ya dawo gida ya rufa mini asiri.

Matan ɗakin suka yi ta sa mini albarka, ni kuma na tsaya kamar gunki ina cewa amin. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Na san wani zai kai mata wannan rubutun. Gara haka, don bakina ya kasa. Maman Walid, ban je ba. Ki yafe mini.

Ya Allah ka jiƙan Kabiru, ka yafe masa, ka sa ciwon nan ya zame masa kaffara, ka haskaka kabarinsa, ka raya masa 'ya'yansa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In da saura, ku roƙa mini gafara.